Yadda Ake Zaɓen Girman Firam Na Keken Tsallen Tudu

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen keken tsallen tudu, tambayarsa ta farko ɗaya ce: tsawona kaza ne, wane girma zan ɗauka? Tambayar daga keken tafiya aka ɗauko ta, wanda ake zama a sirdi a yi ta taka feda, inda tsawon ƙafa ke yanke hukunci. Keken tsalle kuwa a tsaye ake hawansa. Tun daga gangarowa har sauka ƙafafunka na kan feda, sirdi yana can ƙasa don kada ya tare maka hanya. Saboda haka abin da za mu nema shi ne tazarar da ke tsakanin ƙafafunka da hannayenka idan ka tsaya a kan keken. In ta yi daidai, keken zai bi ka a sama kamar jikinka ne. In ta yi yawa ko ta gaza, kullum cikin kokawa da shi za ka kasance, ka yi ta zargin kanka alhali laifin na firam ne.

Kayan da za ka tanada

Tef ɗin awo mai nuna milimita, fensir da takarda, da zare mai tsawon mita ɗaya ko fiye. Littafi mai taurin bango. Bango miƙaƙƙe da daɓe wanda ba shi da gangara. Alanki mai lamba 4 da 5 da 6, don kwance wuyan sitiyari, wato gajeren ƙarfen da ke haɗa sitiyari da gaban keke, idan an zo gwaji. Takalmin da za ka riƙa hawa da shi, shi za ka saka wajen awo. Sai mutum ɗaya da zai riƙe maka keke ya kuma karanta maka tef, domin awon da mutum ya yi wa kansa yana sunkuyo ba ya fita daidai. Abu na ƙarshe shi ne jadawalin ma'aunin firam ɗin da kake so, wanda kowane kamfani ke sakawa a shafinsa na intanet. In tef ɗinka na inci ne, ka riƙa ninka abin da ka samu da 25.4, zai ba ka milimita.

Sunaye huɗu da za mu yi ta maimaitawa, bari mu daidaita a kansu. Cibiyar feda ita ce tsakiyar ƙarfen da hannayen feda biyu ke juyawa a kansa. Wuyan firam shi ne gajeren bututun gaba wanda fok, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, ke ratsawa ta cikinsa. Miƙa ita ce tazarar kwance daga cibiyar feda zuwa tsakiyar saman wuyan firam; a jadawalin kamfani an rubuta ta reach. Tsayin gaba kuma tazarar tsaye ce tsakanin waɗannan wurare biyun, an rubuta ta stack.

1. Fara da auna jikinka

Awo uku nake ɗauka. Na farko tsawo: ka jingina da bango ba takalmi, a ɗora littafi a kanka, a yi alama. Na biyu faɗin hannuwa: ka buɗe su gaba ɗaya, a auna daga kan yatsan tsakiya zuwa ɗaya. Yawancin mutane wannan awon yana kusa da tsawonsu. In naka ya zarce tsawonka da santimita 5 ko fiye, rubuta ka ajiye, zai yi amfani idan ka faɗa tsakanin girma biyu.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Saka takalminka ka tsaya a gefen bango, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kamar yadda suke idan kana tsaye kan feda biyu a kwance. Miƙe sosai, sauke kafaɗu, saki hannu ya sauka a miƙe, ka dunƙule fensir a tafinka kamar ka riƙe sitiyari, sannan ka yi alama a bango. Auna daga ƙasa zuwa alamar. Wannan hanya ta wani mai koyar da hawan keken dutse ce a Amurka, Lee McCormack, shi ya sa mata suna RAD, wato Rider Area Distance. Dalilinta ba shi da wuyar ganewa: lokacin da kake tashi daga bakin tudu, jikinka yana miƙewa ne kana jawo sitiyari zuwa cinyoyinka. In sitiyarin ya fi nisan da hannunka ke kaiwa a wannan tsayuwa, ba za ka iya miƙewa har ƙarshe ba, ƙarfin tashinka ya ragu ke nan.

Ka maimaita awon sau uku. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaga kafaɗa ba da sani ba, wanda ke ƙara santimita biyu ko uku. In babu mai taimaka maka, ninka tsawonka na santimita da 4.47, za ka sami ƙiyasi a milimita. Mai tsawon santimita 175 zai sami wajen milimita 782. Ƙiyasi ne kawai, awon bango ya fi shi gaskiya.

2. Tsai da girman taya

Taya mai inci 26 ita ce ta kowa a wannan wasa, kuma ita nake ba duk baligi shawara ya ɗauka, saboda ta fi sauƙin samun rim da taya da fok. Mai inci 24 ta yara ce da gajerun mutane. In tsawon mai hawa bai kai wajen santimita 150 ba, ita ta fi dacewa. Kamfanin Specialized ma da girman taya ya raba kekunansa na wannan wasa: P.1 inci 20, P.2 inci 24, P.3 inci 26, P.4 inci 27.5. Kada ka saka ƙaramar taya a firam ɗin da aka yi don babba da niyyar rage girman keken. Cibiyar feda za ta sauko kusa da ƙasa, feda ta riƙa dukan tudu, miƙa kuwa tana nan yadda take.

3. Karanta jadawali, ka bar harafin da ke jikin firam

Wasu kamfanoni girma ɗaya tak suke yi. Wasu biyu, gajere da dogo. Wasu kuma S da M da L. Babu wata yarjejeniya a tsakaninsu, don haka L na wannan kamfani yana iya zama M na wancan. Na taɓa jera firam biyu masu harafi ɗaya, na tarar da bambancin miƙarsu ya haura milimita 20, wanda a keken tsalle girma guda ne cur. Lambar miƙa za ka nema.

Ga abin da na saba farawa da shi a firam mai taya inci 26. Mai tsawon santimita 150 zuwa 168, miƙa daga milimita 385 zuwa 405. Daga 168 zuwa 182, miƙa daga 400 zuwa 425. Wanda ya haura 182, daga 420 zuwa 445, in ma an sami wanda ya ɗan fi haka ba laifi. Da gangan lambobin suka shiga cikin juna, domin tsawo shi kaɗai ba ya raba gardama; mataki na gaba ne zai raba.

In kana da keken dutse, kada ka ɗauko miƙarsa ka ce ita za ka nema a nan. Keken tsalle ya fi shi gajarta ƙwarai, sau da yawa da milimita 40 ko fiye ga mutum ɗaya. Wannan kuskuren na yi a firam ɗina na farko. Na ɗauki mafi tsawo da na samu don in ji kamar ina kan keken da na saba, sai na kwashe watanni ina fama da ɗaga tayar gaba, kuma duk tsallen da na yi gaban keken ke fara nutsawa. Ranar da na hau gajeren firam na wani abokin hawa, a zagaye na biyu na gane inda matsalar take.

Akwai wata lamba da ke ruɗa masu saye, wato tsawon sandar sama. Masu keken BMX, wato ƙaramin keken wasa mai ƙananan tayoyi, da ita suke auna girma, tsofaffin tallace-tallacen keken tsalle ma ita suke rubutawa, inci 22 da wani abu ko 23 da wani abu. Matsalarta ita ce ta dogara da yadda bututun sirdi ya karkata. Firam biyu suna iya yin tsawon sanda ɗaya amma miƙarsu ta sha bamban, don kawai bututun sirdin ɗaya ya fi kwanciya baya. Tunda ba zama za ka yi ba, karkatar bututun sirdi ba ta dame ka ba. Ka yi aiki da tsawon sanda ne kawai idan babu lambar miƙa, kuma tsakanin firam iri ɗaya na kamfani ɗaya.

Tsawon bututun sirdi kuwa, kallo ɗaya ya isa. Duk gajeru ne a waɗannan kekuna.

4. Faɗa wa kanka gaskiyar irin hawan da za ka yi

A nan ne mutum biyu masu tsawo ɗaya ke rabuwa, kowa ya tafi da firam dabam, kuma dukansu sun yi daidai.

Gajeren firam yana saurin amsawa. Juya keke zagaye guda a sama, wulwula firam a ƙarƙashinka, ɗaga gaba a tafi a kan tayar baya, duk sun fi sauƙi da shi, domin nauyin yana tattare kusa da jikinka. Ya dace da tuddai masu tsayayyen baki da ke kusa da juna, da filin siminti irin na masu allon zamiya. Amma idan gudu ya yi yawa ba ya natsuwa, kuma ba ya yafe kuskure: ka ɗan zarce da nauyi baya sai ya sulluɓe daga ƙarƙashinka ka zauna a ƙasa, ka ɗan zarce gaba sai ka tsinci ƙirjinka a kan sitiyari.

Dogon firam yana da natsuwa. A manyan tuddai masu nisa tsakani, inda kake shigowa da gudu, shi ke ba ka fili ka motsa jikinka gaba da baya ba tare da keken ya birkice ba. In saukarka ta ɗan karkace, yana da halin gyara ta. Kuɗin da kake biya shi ne nauyin juyi, da ƙarin ƙarfi wajen ɗaga gaba.

Ga sabon shiga da ya faɗa tsakanin girma biyu, ra'ayina shi ne: in tsalle kawai yake so ya koya, ya tashi ya sauka lafiya, ko ya fito ne daga keken dutse, ya ɗauki mai ɗan tsawon. In daga BMX ya fito, ko burinsa wasannin juyi ne, ya ɗauki gajeren. Wanda faɗin hannuwansa ya zarce tsawonsa ya karkata ga dogo. Abin da ba na so shi ne mutum ya saya don wasan da yake mafarkin yi bayan shekara uku, ya bar wanda zai yi a wannan makon.

5. Duba tsawon baya

Wannan tazarar ce daga cibiyar feda zuwa tsakiyar ƙarfen tayar baya. A yawancin kekunan tsalle masu taya inci 26 tana tsakanin milimita 375 da 400. Kamfanoni da yawa ba sa canza ta tsakanin ƙaramin firam da babba, gaba kawai suke ƙara wa tsawo. Tunda keken giya ɗaya gare shi, galibi wurin ɗaura tayar baya dogon tsagi ne ko abin zamewa, don a ja taya baya a ɗame sarƙa. Wannan yana ba ka damar wasa da tsawon baya da milimita 10 zuwa 15. Dogon mutum da ke yawan faɗuwa ta baya ya ja tayar zuwa ƙarshen tsagi, zai ji bambanci. Gajere da ke shan wahalar ɗaga gaba ya tura ta ciki. In sarƙa ta ƙi ba da wurin da kake so, akwai rabin gaɓar sarƙa da ake sakawa. Ka tabbata dai taya ba ta gogar firam, kuma birkin baya ya bi ta zuwa sabon wurinta.

6. Auna keken da hannunka

In keken yana gabanka, musamman na hannu wanda takardarsa ta ɓace, kada ka dogara da bakin mai sayarwa. Ba lalle ƙarya zai yi maka ba, sau da yawa shi ma bai sani ba.

Tura tayar baya ta taɓa bango, a riƙe maka keken a tsaye cak, sitiyari a miƙe. Auna a kwance daga bango zuwa cibiyar feda, ka rubuta. Auna a kwance daga bango zuwa tsakiyar saman wuyan firam. Cire na farko daga na biyu, miƙa ke nan. Don tsayin gaba, auna daga ƙasa zuwa saman wuyan firam, ka cire tsayin cibiyar feda daga ƙasa. Ka kula tef ya tsaya a kwance sosai. In ya karkata, lambar za ta ƙaru.

Sai awon da za ka kwatanta da na bango. Ɗaura zare daga tsakiyar saman maƙamar hannun dama zuwa ta hagu, a ɗame. Auna kai tsaye daga tsakiyar zaren zuwa cibiyar feda. Lambar da ta fito ta yi daidai da awon dunƙulen hannunka, ko ta gaza shi da milimita 10 zuwa 20. A keken tsalle gazawa kaɗan ba matsala ba ce, ni ma haka na fi so. Zarcewa ce matsala. Dogayen mutane sosai sukan tarar ko firam mafi girma ya gaza musu da fiye da haka, su sitiyari mai tashi sosai ne maganinsu.

Duba fok ɗin ma. Yawancin waɗannan firam an yi su ne don fok mai nutsawar milimita 100 ko 80. In wani ya saka wanda ya fi tsawo da milimita 20, gaban keken zai ɗagu, wuya ya kwanta da wajen digiri ɗaya, miƙa ta ragu da kusan milimita 10. Ban da canza girman keken, dogon fok yana ɗora wa wuyan firam nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Kada ka wuce tsawon da kamfani ya iyakance. Tunda kana wurin, goge ƙura ka duba waldar da ke kewaye da wuyan firam da wurin ɗaura tayar baya. Tsagewa ko lanƙwasa a ƙarƙashin wuya, ka bar firam ɗin ko da girmansa ya yi maka cif.

7. Hau ka gwada

Gani ya kori ji. Saka hular kwano, ka nemi fili shimfiɗaɗɗe tukuna, tudu sai daga baya.

Tsaya a kan feda a kwance, kana gangarawa a hankali. Ka saki nauyinka a ƙafa, hannu ya riƙe sitiyari riƙon sako-sako. In sai ka tura ƙugu baya kafin nauyi ya sauka daga tafin hannunka, firam ya yi tsawo. In gwiwarka ta gaba tana neman taɓa wuyan sitiyari duk lokacin da ka durƙusa, ko ka ji kanka ya wuce tayar gaba, ya yi gajarta.

Sannan ka ɗaga gaba: durƙusa, ka tura ƙugu baya da hannu a miƙe, yatsa ɗaya a kan birkin baya. Daidai girma shi ne tayar ta taso da motsin jiki ba tare da fizga ba. In sai ka fizga da ƙarfin damtse, ya yi tsawo. In ta taso da sauri har sai ka kama birki kowane lokaci, ya yi gajarta ko bayansa ya cika gajarta. Bayan nan ka gwada ɗaga keken gaba ɗaya daga ƙasa sau biyar ko shida, ka lura ko sitiyari yana isowa cinyarka lokacin da ka miƙe.

Gwaji na ƙarshe a tsaye ake yinsa, wani ya riƙe ka. Feda a kwance, ƙafarka a inda ka saba ɗora ta, ka juya sitiyari har tayar gaba ta waiwayo baya. Taya ta wuce ba tare da ta taɓa kan takalminka ba. In ta taɓa, kuma kana da niyyar koyon juya sitiyari a sama, wannan firam ya yi maka gajarta. Mai babbar ƙafa ya fi haɗuwa da wannan. Gajeren hannun feda, 165 maimakon 170 ko 175, yana ƙara ɗan fili, amma milimita 5 zuwa 10 ne kawai. Duba kuma ko hannun birki yana dukan sandar sama, da ko igiyar birki ta isa tsawo.

In babu halin hawa irin keken da kake so kafin saye, aro na wani a wurin hawa, ko wane iri ne, ka yi waɗannan gwaje-gwaje, sannan ka auna miƙarsa da tsayin gabansa kamar yadda na nuna. Kekuna biyu da ka hau ka kuma auna sun ishe ka sanin ɓangaren da lambarka take. Ka dubi tsayin gaba tare da miƙa: firam biyu masu miƙa ɗaya, wanda gabansa ya fi tsayi shi zai fi girma a hannu.

8. Daidaita da wuyan sitiyari, amma ka san iyakarsa

Wuyan sitiyari a keken tsalle gajere ne, daga milimita 35 zuwa 50. Wannan tazarar ta milimita 15 ita ce abin da kake da shi na gyara. Kada ka saka mai 70 ko 80 don ka tsawaita gajeren firam. Nauyinka zai koma kan tayar gaba, kuma ba abin da ake so ba ne a bakin tudu.

Zoben da ake jerawa ƙarƙashin wuyan sitiyari suna ɗaga hannu, amma suna jawo shi baya. Tunda wuyan firam a kwance yake da wajen digiri 69, kowane milimita 10 na zobe yana rage miƙa da milimita 3 zuwa 4. Sitiyari mai tashi yana ɗaga hannu ba tare da wannan ragin ba, shi ya sa na fi ba dogaye shawarar mai tashin milimita 50 zuwa 75. Faɗin sitiyari ma yana shiga lissafi: mai faɗi sosai yana jawo ƙirjinka gaba, keken ya ji kamar ya ƙara tsawo. Yawancin masu hawa suna tsakanin milimita 720 da 780. In za ka yanke, fara da matso da maƙamai ciki ka hau kwana biyu, sannan ka yanke milimita 5 kowane gefe, domin abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Abu ɗaya kake canzawa a lokaci guda, ka sake awon zare, ka hau, sannan ka taɓa na gaba. Ka kuma ɗaure kusoshi daidai ƙarfin da aka rubuta a jikin wuyan.

In ka kai ƙarshen waɗannan gyare-gyare kuma awon zare yana nan ya zarce na jikinka da milimita 20 ko fiye, sauya firam ne kawai ya rage.

Maganar yara

Iyaye sukan so su saya wa yaro babba don ya girma a kansa. A keken zuwa makaranta ana iya jurewa, a keken tsalle kuwa haɗari ne, domin yaron da ba ya iya ɗaga gaban kekensa zai riƙa sauka a kan tayar gaba. A nan ne awon tsawon ƙafa ke da amfani: yaro ya tsaya da littafi a matse tsakanin cinyoyinsa, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin, sannan ya tsaya a kan keken ƙafa biyu a ƙasa. Tsakaninsa da sandar sama a sami filin da ya kai faɗin tafin hannu. A saya masa wanda ya yi masa daidai yanzu da wuyan sitiyari mai 35 da sitiyari marar tashi sosai, a riƙa maimaita awon bango duk wata shida. In ya ƙara tsawo a sauya zuwa wuya mai 50 da sitiyari mai tashi, in awon zare ya gaza nasa da fiye da milimita 30 bayan wannan, lokacin hawa firam na gaba ya yi.